Ɗorawar Iya Hajo da Bututun Mai

Tun da na dawo daga Nijar ban samu na yi aikin allura cikin natsuwa ba. Duk wanda ya shigo zauren da muke ɗinkin riga a Kusfa, kafin ya gama cire takalmi sai ya ce, to Lawal, yaya ƙasar Faranshi, an ba tsohuwa kuɗin man nata kuwa? Har na ji ana yaɗawa wai rijiyar mai aka tono a gonarmu, shi ya sa na dawo da sabon takalmi. Takalmi dai tsohon ne ya tsinke mini a Kamba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, don haka ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Iya Hajo kakata ce, ita ta haifi babana. Duk Kusfa har Ƙofar Gayan an san ta da daddawa, amma ba kowa ya san ba 'yar Zazzau ba ce. Daga wani ƙauye take kusa da Gaya, a ƙasar Nijar, inda kakana ya je fatauci ya auro ta. Sunansa aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba. Maigida take ce mini, kuma kullum sai ta yi mini gorin cewa tun da ta aure ni ban taɓa kawo cefane ba.

Da za a kawo ta Zariya, mahaifinta ya ba ɗansa Garba gona, ita kuma ya ba ta itacen ɗorawa da ke tsakiyar gonar. Ya ce tunda za ta yi nisa ba za ta iya ɗaukar ƙasa ba, amma 'ya'yan itace suna shiga buhu. Haka al'adarsu take, gona ta wani, itacen da ke cikinta na wani, kuma ba a rigima. Tun daga lokacin, kowace bazara sai buhun kalwa ya iso Kusfa. Da Garba ya rasu, ɗansa Manu ya ci gaba da aikowa. Daddawar sayarwa da kalwar kasuwa take yin ta, amma ta wannan buhun ba a sayarwa, a miyar gida take ƙarewa, kuma mu jikoki mun san bambancin tun muna ƙanana.

A wannan shekara direban da ya saba kawo buhun ya zo hannu rabbana. Ya ce bai ga Manu ba, amma ya ji ana shimfiɗa bututun mai ta wajen, an kafa turaku a gonaki, kuma an shafa wa wasu itatuwa jan fenti. Washegari Iya ta ƙi karyawa, jibi ta ɗaure kayanta ta aiko a kira ni, ta ce, "Maigida, tashi ka raka matarka gida." Babana ya yi magiya, ya kawo batun ƙafarta da batun hanya, ta ce ba shawara ta nema ba.

Da sassafe muka hau keke daga Kusfa zuwa tasha, Iya na yi wa mai keken faɗa a kan kowane rami kamar shi ya haƙa shi. Muka samu motar Sakkwato. Daga Funtuwa zuwa Gusau kowa ya san yadda hanyar take, motar ta yi tsit, kowa na motsa baki da addu'a. Iya ce kaɗai ke ɓare goro tana miƙa wa na kusa da ita, wai tsoro ba ya hana tauna.

Da muka wuce Gusau baki ya buɗe. Wani dattijo da ke kusa da ni, manomi daga wajen Zariya, ya ji inda za mu sai ya gyara zama. Shi ma an taɓa ratsa gonarsa da bututu. Ya ce in dai gwamnati ta ce aikin amfanin jama'a ne, magana ta ƙare, ba a tambayarka ko ka yarda, sai dai a tambaye ka me ke kan ƙasar. Ya tuna mini cewa mu ma a gida doka ta ce ƙasa a hannun gwamna take, abin da ka shuka ko ka gina ake biya. Sannan ya ba ni shawarar da ta kusa ɓata mana tafiya. Ya ce a irin wannan wuri wanda ya je a ƙasƙance ba a kallonsa, in sa tufafi mafi girma da nake da su, in riƙa jefa Turanci, kada in yi dariya da kowa. Ni kuwa da ma na taho da babbar rigata mai aska takwas, wadda na yi wata da watanni ina yi wa aiki. Na ji a raina cewa Allah ne ya haɗa ni da mutumin nan, domin ni duk a zatona haƙƙin Iya za mu je ƙwatowa.

Daga Sakkwato muka wuce Birnin Kebbi, muka kwana gidan Alhaji Bawa, mai sarar riguna a wurinmu. Mutumin kirki ne, sai dai bai yarda baƙo ya ƙoshi ba. Aka kawo shinkafa da kifi, na ci na sha ruwa, aka kawo fura, na sha, sai ga wani kwanon kuma wai wancan na buɗe ciki ne. Da safe na ji Iya a tsakar gida tana hira da iyalinsa, na tsaya ina saurare don ban gane muryar ba. Matar da na sani tana cewa "muka zo" ta koma "munka zo", "me" ya koma "mi". Harshen da ta ajiye tun kafin a haifi babana ya dawo mata a dare ɗaya. Na ce, Iya, ashe ba Bazazzagiya na aura ba. Ta ce in yi haƙuri, an yi mini sakiyar da ba ruwa.

A Kamba, bakin iyaka, takalmina ya tsinke ina sauka daga mota, na shiga ƙasar mutane da ƙafa ɗaya a ƙasa. A ɓangaren Nijar wani jami'i ya ɗaga jakar Iya zai duba, ya buɗe, ya ja da baya yana toshe hanci. Ashe daddawa ta cika ta da ita, ragowar ta buhun bara, tsarabar da za ta kai wa matar Manu. Ya tambaye ta daga ina, ta faɗi sunan ƙauyensu da na ubanta da na kakanta da harshen nan nata sabo. Ya dubi zanen da ke kumatunta ya ce, "Wuce, Inna, kin zo gida." Ni kuwa mai takardu cikakku aka zaunar da ni a benci ana juya katina gaba da baya, Iya na can gefe a inuwa tana ce musu su bincike ni da kyau, ita ma ba ta gama yarda da ni ba.

Gaya gari ne mai hada-hada, ana Hausa ana Zabarmanci ana Faransanci a baki ɗaya. Na sayi burodinsu, dogo kamar sanda, na gatsa sai da dasashina ya yi jini, mai sayarwa ya ce ai na safe ne, mai laushin ke nan. Shayinsu kuma ba irin namu ba ne na kofi da madara. A ɗan mitsitsin gilashi ake ba ka, mai ɗaci, in ka shanye ka miƙe sai a ce ina za ka, saura na biyu da na uku. Abin da ya fi burge ni shi ne gaisuwarsu, ba a gaggawa, sai an tambayi gida da gajiya da ruwa da dabbobi kafin a zo kan abin da ya kawo ka. Daga nan muka ɗauki babura biyu zuwa ƙauye. A hanya mai babur ya tsaya ya sayi mai a kwalba, ya nuna mini wata doguwar shara da aka yi cikin gonaki, miƙaƙƙiya har iyakar gani, ya ce nan ne man zai bi ya tafi teku, su kuma su ci gaba da saye a kwalba.

Kafin mu shiga ƙauyen na tsayar da mai babur, na zura babbar rigata, na kafa hula, na ɗaure fuska yadda dattijon mota ya koya mini. Iya ta dube ni sama da ƙasa ta ce ko ɗaurin aure za mu. Ban kula ta ba.

Matan gidan suka fito da gudu suka rungume ta, ana kuka ana dariya. Tamadi, matar Manu, ta shimfiɗa mini tabarma can nesa, ta ajiye ruwa ta koma ba ta ɗago kai ba. Na tambayi inda Baba Manu yake, aka ce ya tafi kasuwa. La'asar ta yi, aka ce ya wuce gaisuwar rasuwa. Washegari aka ce ya fita tun da asuba. Mazan ƙauyen in na yi musu sallama sai su amsa a taƙaice su sulale. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce wa Iya kin gani ko, sun cinye kuɗin suna gudunmu.

Tamadi ce ta warware mana, da Iya ta zaunar da ita ta buɗe mata jakar daddawa. Ta ce tun da aka hango ni a kan babur labari ya zaga cewa Gwaggo ta zo da lauya daga Nijeriya. Ma'aikatan da suka zo auna gonaki mutum ɗaya suka sani a kowace gona, don haka suka haɗa ɗorawar da gonar a sunan Manu. Ya gaya musu itacen na gwaggonsa ne, suka ce ba su da gurbin mutum biyu. Kuma an ja musu kunne cewa duk gonar da rigima ta taso a kanta, za a dakatar da diyyarta har sai an gama shari'a. Ga shi an hana shi shuka a tsakiyar gonar, ga rumbu ya yi ƙasa. Kalwar bana tana nan a ɗaki, an ɗaure buhun, kunya ce ta hana shi aikawa, don bai san yadda zai ce mata wannan ne na ƙarshe ba.

Iya ta juyo ta dube ni, ta ce, "Lauya, tuɓe rigar nan." Na tuɓe, na koma 'yar sharata da takalmin roba da na saya a Gaya. Ta aika aka gaya wa Manu cewa wanda yake gudu jikan Hajo ne, maɗinki, ko akuya ba ta tsoronsa. Ba a jima ba sai ga shi ya fito daga bayan rumbun maƙwabci, inda ashe yake yini. Dogo ne, furfura ta fara masa, ya durƙusa gabanta. Ta dafa kansa ta ce kamar Garba ya dawo. A nan ni ma idona ya ciko, kuma na ji kunyar zaton da na yi masa.

Washegari da hantsi Manu ya kai mu gonar. Turaku sun raba ta biyu, an share tsakiyar fes, ɓangare ɗaya na nan ɗaya na can. Ya ce an gaya musu bayan an binne bututun, a kan wannan shara ba gini, ba rijiya, ba itace, har abada. Ya ce shi bai ƙi aikin ƙasa ba, kuma ba a ce ba za a biya shi ba, abin da ke cin ransa shi ne gonar da kakansa ya sare da hannunsa yau sai an gaya masa inda zai taka a cikinta.

Ɗorawar na tsaye a tsakiyar sharar ita kaɗai, da jan fenti a gindinta. Ban taɓa ganinta ba, amma duk miyar da na sha tun ina yaro daga nan ta fito. Iya ta saki hannuna ta taka da kanta, ta zagaya ta, ta nuna mini reshen da ta taɓa faɗowa daga kai, da wajen da uwarta ke shanya ɓawon da ake yin makubar shafe gini. Wasu yara masu kiwo suka wuce, na tambaye su sunan wurin nan, suka ce Ɗorawar Hajo. Na ce wace ce Hajo, suka ce oho, haka dai ake cewa. Iya ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta goge ido da gefen mayafi. Manu ya ce motocin sara sun kusa isowa, ko za ta jira. Ta ce ita ba jana'iza ta zo ba, a kai ta wurin maigari.

A ƙofar maigari dattawa suka taru a ƙarƙashin rumfa, har da wani matashi daga ofishin gunduma da ke bin aikin, mai ladabi, wanda ya fara bayani cewa hanya ba za ta karkata saboda itace ɗaya ba. Iya ta ce ta sani, ba ta zo hana gwamnati wucewa ba. Ta tambayi dattawan itacen na wane ne. Wani tsoho da ya halarci ɗaurin aurenta ya ce na Hajo ne, a gabansa aka ba ta, saura suka gyaɗa kai. Na ga Manu ya sunkuyar da kai, yana jiran abin da ya yi ta gudu.

Iya ta ce, "To kun ji nawa ne. Abin da za a bayar a kansa na bar ma Manu, shi da Tamadi sunka sha wahalar kaɗo da sussuka shekara da shekaru. Kada a taɓa takardarshi. Ni abu guda nika roƙo. Ya ba ni wuri cikin gonar da ta rage mishi, bayan turakun, in shuka wata."

Dattawan suka dubi juna, ni kuwa ban ga abin mamaki ba, ina ganin ai ta yi masa sauƙi. Sai daga baya Tamadi ta fahimtar da ni. A wurinsu ana ba baƙo aron gona ya yi gero ya yi wake, amma ba a barinsa ya shuka itace, domin itace ya fi mai shi daɗewa, kuma duk wanda ke da itace a gona yana da ƙafa a cikinta, shi da zuriyarsa. Ɗan gida kaɗai ake bari. Ga mutum an riga an yanke masa tsakiyar gona, yanzu kuma ana neman ya buɗe wa mutanen wata ƙasa ƙofa a ragowar, ga inuwar ɗorawa ba ta barin gero ya yi kyau a ƙarƙashinta. Da ta nemi rabin diyyar da ya fi masa sauƙi.

Maigari ya ce wannan ba hukuncinsa ba ne, na mai gona ne. Manu ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke. Sannan ya ce, "Gwaggo, ɗorawa tana daɗewa ba ta yi ɗiya ba. Wa za ya ci?"

Ta ce, "Ba ni ba. Wanga maigidan nawa yana da ɗiya mai sunana, Ummi muke ce mata. Tata ce. In ka yarda, buhu ya ci gaba da zuwa Zariya. In ba ka yarda ba, ba komi, na ga gida, na gode Allah."

Ta faɗi haka tana murmushi. A lokacin na gane abin da ya taso da ita daga Kusfa da wannan ƙafa. Iyayenta sun tafi, Garba ya tafi, buhun nan shi ne kaɗai abin da ke cewa har yanzu ita 'yar gidan ce, kuma ga shi bututu zai bi ta kansa.

Manu ya jefar da tsinken ya miƙe, ya ce wa wani ƙanensa ya ɗauko masa fartanya. Dattawan nan duka suka biyo mu har gona. Ya wuce turakun da nisa, ya wuce inda na zaci zai tsaya, can gefe inda ƙasar ba ta da albarka, ya je daidai inda ƙasar ta fi kyau, inda ruwan farko ya jiƙa sosai, ya sara. Iya ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yan kalwa da ta ɗebo daga buhun bana, ta jiƙa su tun jiya ba wanda ya sani. Ashe ta shirya, ko da za a ce mata a'a. Ta durƙusa da ƙyar ta zuba, ta rufe da tafin hannu. Maigari ya ce kowa ya shaida, Ɗorawar Ummi, aka shafa fatiha.

Dawowarmu ba wani abin labari, sai dai buhun kalwa da ya sa aka caje mu kuɗin mutum guda a kowace mota, da babbar rigata da na bar wa Baba Manu, tunda ita ta kore shi daga gidansa. Ya sa ta ta tsaya masa a gwiwa, ya ce da ita zai je karɓar diyya, ko su ma za su ɗauka lauya ne.

Bayan mun dawo da 'yan makonni Baba Manu ya sa aka turo mini hoto a waya. An sare tsohuwar ɗorawar, bai turo hoton wannan ba, a baki ya faɗa. Hoton na wani ɗan tsiro ne da bai kai tsawon yatsa ba, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Na kai wa Iya tana tsakar gida tana wanke kalwar buhun ƙarshe, Ummi na gefenta tana ɓata mata aiki. Ta karɓi wayar ta kai ta kusa da ido, ta daɗe tana kallo, ta nuna wa Ummi ta ce ga itacenki. Ummi ta tambaya yaushe za a kawo mata buhunta. Iya ta ce sai ta yi tsawo kamar babanta.

Sannan ta miƙo mini wayar, ta dubi ƙafata, ta ce, "Maigida, ni na gama zuwa. Ka adana takalmin nan, kai za ka kai ta ta gani."